Jirgin da Ya Sauka a Gonar Hashmot Gazi

Jirgin ruwan ya shigo gonar mijin yayata ranar wata Talata, ana gab da azahar, a watan da kogin Meghna ya fi cika. Ina madafin yayata Nurbanu ina taya ta gyaran kifi, sai muka ga rana ta ɓace. Mun ɗauka hadari ne. Da na leƙa waje sai na ga bangon ƙarfe baƙi ƙirin yana tahowa a hankali ta cikin shinkafa, ba ƙara, ba hayaƙi, kamar saniyar da ta ƙoshi tana neman wurin kwanciya. Ya tsaya saura kamu huɗu ya taɓa madafin.

Jingar da ke tare mana ruwa ta fashe tun bara ta wajen kudu, ba a gyara ba. A ranar teku ta turo ruwa har ya shafe gonaki. Shi kuma jirgin ya sauke siminti yana komawa birnin Chattogram ba kaya a cikinsa, injinsa ya mutu a bakin kogi, iska ta tura shi ta wannan kafar. Kafin la'asar ruwa ya janye ya bar mana shi.

Wani dattijo mai jan gemu ya leƙo daga can sama ya yi sallama.

Ya ce, "Don Allah nan ina ne?"

Nurbanu ta ce, "Nan madafina ne."

"Ina nufin wane gari."

"Char Motiganj."

Ya ɓace, jim kaɗan ya sake leƙowa. "Ba ya cikin taswirata."

"To ka koma inda ke cikinta."

Wannan shi ne Sekandar Mridha, matuƙin jirgin. Shekara talatin da ɗaya yana kan ruwa, bai taɓa goga ko gindin gada ba.

Mijin yayata, Hashmot Gazi, wanda nake kira Dulabhai, ya dawo daga masallaci ya tarar da abin. Mutum ne marar yawan magana. Ya zagaya jirgin sau biyu da ƙafa, cikin taɓo, sannan ya dawo ya tsaya a gabanmu ya ce, "Wa ya ajiye wannan?"

Mai jirgin yana birni. Ya faɗa wa Sekandar ta waya kada ya kuskura ya sauka, ya jira cikar ruwa ta gaba. Cikar ta zo bayan mako biyu, ta jiƙa ƙasan jirgin ta koma. Ma'aikatan su shida ne. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa saukowa da tsanin igiya da jaka a kafaɗa, har aka bar Sekandar da mutum biyu.

Amma tun kwana uku da faruwar abin Delowar Talukdar ya iso. Shi ne jami'in da ke kula da lafiyar jiragen ruwa a yankinmu. Ya zo da lema, da igiyar awo, da wata doguwar takarda a naɗe a hammata. Kafin ma ya dubi jirgin sai ya shimfiɗa takardar a kan tabarmar da Nurbanu ke shanya barkono. Layi ne ja, yana gangarowa daga sama.

Ya ce, "Shekara uku da suka wuce, haɗari goma sha tara a yankin nan. Na zo. Sha ɗaya. Shida. Bana kuwa, duba nan, Gazi. Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, Sahib."

"Shi ke nan. Babu komai. Sifili."

Mu da ke zaune a bakin kogin mun san yadda layin ya gangaro. Kwalekwalen masunta ba su da rajista, saboda haka in sun kife ba jirage ba ne suka kife. Jirgin fasinja da ya nutse a kwanar Horinpur shekara biyu baya, Delowar Sahib ya yi yini uku da igiya a cikin kwalekwale har ya tabbatar da cewa gawar jirgin tana kwance kamu ashirin cikin ruwan gundumar maƙwabta.

Ya sa aka auna daga bakin kogi zuwa jirgin. Kamu ɗari shida da sha biyu.

Ya ce, "Haɗarin jirgin ruwa a ruwa yake faruwa. Ka ga ruwa a nan?"

Dulabhai ya ce, "Ranar Talata akwai."

"Ranar Talata ba na nan."

Dulabhai ya tafi wurin 'yan sanda. Suka tambaye shi lambar abin hawan da sunan titin da abin ya faru. Ya tafi ofishin gona. Takardarsu ta ɓarnar amfanin gona dalili uku kawai ta sani: ƙwari, ambaliya, dabbobi. Magatakardan mutumin kirki ne, ya ce in Dulabhai ya yarda zai rubuta masa babbar dabba. Dulabhai ya ce shi bai taɓa sa hannu a ƙarya ba, ya dawo gida a ƙafa.

Bayan kwana goma Delowar Sahib ya dawo da fara'a. Ya samo mafita. Jirgin bai yi haɗari ba, ya tsaya ne yana jiran kaya, kamar yadda jirage ke tsayawa ko'ina a duniya. Abin da ya rage kawai shi ne ya sauke anga, wato ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe mai sarƙa da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, don jirgin da bai sauke anga ba ba za a ce yana tsaye bisa ƙa'ida ba.

Sekandar ya ce daga sama, "Sahib, a kan ƙasa nake."

"Sauke anga, Mridha."

Aka sauke. Ta faɗo a kan akurkin agwagin Nurbanu ta nutse da shi cikin ƙasa. Allah ya taimaka agwagin sun fita kiwo. Da yamma suka dawo suka yi da'ira suna kallon sarƙar.

Washegari aka kafa allo a bakin gonar: Matsayar Jirage ta Wucin Gadi, Char Motiganj. Tun da gona ta zama matsaya, dokokin matsaya suka hau kanta. Duk wanda ke cikin kamu hamsin daga jirgi dole ya sa rigar ceto. Aka aiko da riguna arba'in, ruwan lemo, sababbi fil a cikin leda. Gidan yayata gaba ɗaya yana cikin kamu hamsin, har banɗaki. Aka naɗa Dulabhai mai kula da matsaya, aka ba shi usur da igiyar rataya shi a wuya.

Na yi zaton zai jefa usur ɗin a kududdufi. Makon farko ya bar shi a kan ƙusa. Mako na biyu na gan shi yana goge shi da bakin zanensa. A na uku yana busa wa agwagi.

Na ce, "Dulabhai, an ce an kusa ba ka jirgin sama ma ka kula da shi."

Ya ce, "Shefali, tsaya can. Kin shigo kamu hamsin. Ina rigarki?"

"Gishiri na zo karɓa."

"Gishirin ma yana cikin kamu hamsin."

Mutumin da a shekara ashirin ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yana tare baƙi a bakin gona yana ɗaura musu riga. Shinkafar da jirgin ya danne ta ruɓe, wadda ke gefen arewa ta ƙi nuna saboda inuwa, amma in ka tambaye shi sai ya ce aiki ya yi yawa, bai samu ya duba ba.

Nurbanu ta yi girki da rigar kwana biyu, cikin zafin da ko ƙuda ba ya tashi. A na uku ta cire ta rataye a jikin sarƙar anga, ta zauna tana kallon sauran talatin da takwas ɗin da ke jibge a ɗaki. Kowace Asabar kwalekwalen Jobbar mai inji yana tsallaka da mutanenmu zuwa kasuwa. Wurin mutum talatin ne, yana ɗaukar tamanin, da kaji da buhunan barkono, ba riga ko ɗaya. Ranar Asabar da ta biyo baya ni da ita muka ɗauki rigunan a ka muka kai bakin ruwa, ta raba wa mata masu goyo da tsofaffi da duk wanda ta san bai iya iyo ba. Da yamma aka dawo mata da su suna warin kifi.

Dulabhai ya ce, "Maman Rubel, kayan hukuma ne fa."

Ta ce, "To hukumar ta zo ta nutse a madafina in miƙa mata."

Haka muka riƙa yi. A watan sanyi kwalekwalen Jobbar ya daki wani kututture a tsakiyar kogi da rana tsaka ya kife. Mutum saba'in da ɗaya a ciki. Masunta suka tsamo su, masu riga suna yawo a kan ruwa kamar kabewa, waɗanda ba su da riga suna riƙe da su. Ba wanda ya mutu sai kaji. Delowar Sahib ya zo, ya saurari labarin a tsaye, ya ce kwalekwalen Jobbar ba shi da rajista, rigunan kuwa a takarda suna nan cikin gona ba su taɓa fita ba, saboda haka bai ga abin da zai rubuta ba. Amma da zai tafi ya ja Nurbanu gefe ya ce ta riƙa wanke su kafin ranar duba.

Ranar duba sau ɗaya ce a wata. A ranar ake gwajin gudun ceto. Dulabhai zai busa usur sau bakwai, Sekandar da mutanensa biyu su sauko da ƙaramin kwalekwalen ceto da igiya har ya zauna a kan kunyar shinkafa, su shiga, su yi tuƙi da filafili a cikin iska na minti uku, Delowar Sahib yana duba agogo. Daga baya aka ce mazauna matsaya ma su riƙa shiga gwajin. Sai ya zama in an busa usur mu ma mu hau tsanin igiya zuwa sama, a ƙidaya mu, mu sauko. Mutanen gari suka mai da shi abin kallo, har wasu suka riƙa roƙo a bar su su hau. Kafin wata shida ba tsohuwar da ba ta iya hawan tsanin nan ba a unguwarmu.

Wanda abin bai taɓa ba dariya ba shi ne Sekandar. Ya rame. Nurbanu ta riƙa aika masa shinkafa da miyar kifi a cikin bokiti da igiya, bokitin ya dawo da rabi. Wata rana bayan la'asar ya sauko ya zauna a tsakar gidan, ya ce wa Delowar Sahib a gabanmu:

"Sahib, ina roƙonka ka rubuta ni. Ka rubuta cewa Sekandar Mridha ya kai jirgi gona."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Sau uku na faɗa wa mai jirgi injin nan zai mutu. Yana da wasu jirage biyar, injinansu duk 'yan uwan wannan ne. In ka rubuta, za a zo a duba su. In laifina ne a hukunta ni in tafi gida. An haifa mini jika, har ta fara rarrafe ban gan ta ba."

Delowar Sahib ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi baffa da harshenmu. "Chacha, kai ba ka san matsayinka ba. A duk jiragen da ke yankina, naka ne kaɗai ya yi wata takwas bai yi lodi fiye da kima ba, bai yi gudu ba, bai zubar da mai a ruwa ba."

Ba wasa yake yi ba. Wata guda bayan haka aka kafa rumfa a gonar, manya suka zo daga birni, kowa da rigar ceto a kan kwat, aka ba jirgin lambar yabo ta kiyaye doka. Sekandar ya karɓi faranti mai ƙyalli, ya yi godiya, ya hau sama. Ba mu sake ganin fuskarsa ba sai bayan kwana huɗu.

Guguwar ta zo a ƙarshen bazara. Tun safe masu lasifika ke zagayawa a kan kekuna suna cewa kowa ya tafi mafaka. Mafakarmu makarantar firamare ce mai tsayin ƙafafu, kuma kafin hantsi ta cika har matakala. Delowar Sahib ya zo duba tun jiya, kogi ya hana shi komawa. Muna tsaye a tsakar gidan, mu da maƙwabta, iska tana kwashe rufin kwano kamar ganyen ayaba.

Nurbanu ta dubi mijinta ta ce, "Baban Rubel, busa abinka."

Ya busa sau bakwai. Mutane suka yi layi da kansu, don kowa ya san inda zai sa ƙafa. Mutum ɗari da arba'in da uku muka hau, da awaki da aka jawo da igiya, da maruƙa biyu, da keken ɗinki na wata bazawara da ta ce ba ta hawa sai da shi. Dulabhai yana gindin tsani yana ƙidaya, ruwa ya kai masa gwiwa. Delowar Sahib ya tsaya yana bayanin cewa jirgin kaya ba shi da izinin ɗaukar fasinja, sai ga wani rufin kwano ya wuce ta saman lemarsa. Shi ne na ɗari da arba'in da biyu.

Ruwan ya iso da azahar, ba kamar na ranar Talata ba. Na ga ya ɗauki madafin yayata a tsaye, da tukwane a ciki, ya tafi da shi. Sai ƙarfen da ke ƙarƙashinmu ya yi nishi, ya karkata, ya miƙe. Muna kan ruwa.

Sekandar ya zama wani mutum daban. Ya sa aka shigar da mata da yara cikin rumbun kaya, ya raba maza gida biyu, in ya ce hagu su ruga hagu, in ya ce dama su ruga dama, don jirgi marar kaya da nauyin mutane ake daidaita shi. Ba inji. Angar tana jan ƙasa a bayanmu, ita ce ta riƙe hancin jirgin yana fuskantar iska. Ya tsaya riƙe da sitiyari awa uku, gemunsa a jiƙe, yana ba da umarni a natse kamar mai sayen albasa.

Delowar Sahib yana kusa da ni a rumbun, rungume da wani akuya, yana amai. Tsakanin amai da amai yake magana.

Ya ce wa Nurbanu, wadda yake kira Apa, wato yaya, "In Allah ya fitar da mu zan rubuta. Duka. Na Jobbar, da na kwanar Horinpur, da na masunta. Shekarar da na ce shida, ba shida ba ne, ashirin da biyu ne. Ina da su a wani littafi a gida, a ƙasan akwati. Har sunayen mutanen."

Nurbanu ta ce, "Riƙe akuyar da kyau, Sahib, ba naka ba ne."

Wajen la'asar sakaliya iska ta faɗi. Muka ji ƙasan jirgin ya gurji wani abu, ya tsaya. Da muka fito sama sai muka ga muna tsakiyar filin ƙwallon makarantar sakandaren Horinpur, mil uku daga gida, hancin jirgin a cikin raga. Delowar Sahib ya fito yana dafa bango. Ya daɗe yana kallon allon makarantar, inda aka rubuta sunan gundumar maƙwabta da manyan baƙaƙe. Ya gyara wuyan rigarsa, ya share baki, ya ce, "To. Nan dai ba yankina ba ne."

A cikin waɗanda suka hau jirgin ba wanda ya rasu. A garin an rasa mutum tara, yawancinsu waɗanda suka tsaya gadin shanu. Mun yi makoki, mun kwashe taɓo daga abin da ya rage na gidajenmu, mun yi wata guda muna cin shinkafar agaji.

Jami'ar gundumar maƙwabta wata matashiya ce mai tabarau, sunanta Tahmina Sikdar, wata uku da kama aiki. Ta zo filin ƙwallon, ta hau tsanin, ta zauna da Sekandar yini guda. Ta rubuta shafi goma sha ɗaya, tun daga ranar da inji ya mutu. Aka tsare sauran jiragen mai jirgin a tasha aka buɗe injinansu. Aka dakatar da Sekandar wata shida. Ranar da takardar ta zo ya sauko da jakarsa, ya bi ta gidan yayata ya karanta mana ita da kansa, sau biyu, sannan ya ci kwano biyu na shinkafa ya tafi ganin jikarsa.

Delowar Sahib an yi masa ƙarin girma kafin rahoton ya kai inda za a karanta shi. Yanzu yana babban birni yana koyar da sababbin jami'ai. Littafin ƙasan akwati ban sake jin labarinsa ba.

Jirgin bai sake ganin ruwa ba. Mai shi ya sayar wa masu yankan ƙarfe, suka zo da tukwanen gas suka yi wata huɗu suna cinye shi daga baya zuwa gaba, 'yan makaranta suna buga ƙwallo a rabin filin da ya rage. Kowace Juma'a bayan masallaci Dulabhai yakan taka mil ukun nan ya je ya tsaya yana kallo, ya dawo. A Juma'ar ƙarshe ya dawo da wata taga zagayayya a ka, ta tagulla, mai gilashi mai kauri, wadda masu yankan suka ba shi. Lokacin ana ginin sabon madafi. Ya sa magini ya dasa ta a bangon da ke kallon kogi.

Nurbanu ta gwada buɗe ta ta kasa, don ƙusoshinta sun ci tsatsa. Ta ce hayaƙi ba zai fita ta nan ba. Ya ce zai nemo mai ya zuba. Har yau bai nemo ba, kuma in tana soya barkono mukan fito waje mu duka muna tari.